Karen ceto ya iso otal ƙarfe ɗayan dare, me dokar Amurka ta ce?

Ka ƙaddara wata mata ce a Amurka, malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, tana zaune a gida da la'asar sai waya ta shigo daga ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan wata gunduma mai nisan awa shida a mota, wai wani dattijo mai ciwon mantuwa ya fita tun safe bai dawo ba kuma gidansu a bakin daji yake. Ta zuba kaya a but, ta buɗe wa karenta na ceto, wanda aka horar don nemo mutanen da suka ɓata, kejinsa ya shige, ta kama hanya. Mai da kuɗinta, abinci da kuɗinta, ba wanda zai ba ta ko sisi don aikin sa-kai ne. An yi ta nema har duhu ya hana, shugaban aikin ya ce kowa ya je ya ɗan runtsa a dawo da asuba. Ta isa otal ɗin garin wajen ƙarfe ɗayan dare takalma duk taɓo, yaron da ke kanta ya leƙo ya ga kare sai ya ce don Allah ki yi haƙuri, mu nan ba ma karɓar dabbobi.

To yanzu wa ke da gaskiya a gaban doka, ita ko yaron? Amsar ta danganta ne da jihar da take tsaye a cikinta a wannan daren. In a Kalifoniya ne ko Tekzas, otal ɗin ya taka doka kuma akwai tara. In kuwa jihar da ba ta yi irin wannan doka ba ce, to yaron bai yi laifin komai ba, sai dai ta koma ta kwana a mota ita da karen ko ta ci gaba da tuƙi tana neman wani masaukin cikin dare.

Mutane da yawa, har da Amurkawan kansu, sun ɗauka duk karen da ke sanye da rigar aiki yana da izinin shiga ko'ina. Ba haka abin yake ba. Dokar tarayya da ta ba kare izinin shiga otal da gidan abinci da kanti ita ce ADA, dokar haƙƙin masu naƙasa da shugaba George Bush babba ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli 1990. A 2010 ma'aikatar shari'a ta sabunta ƙa'idojinta, suka fara aiki a Maris 2011, inda aka fayyace cewa dabbar da ake nufi ita ce karen da aka horar musamman don ya yi wa wani mai naƙasa wani aiki takamaimai, kamar jan makaho, ko ankarar da kurma in an buga ƙararrawa, ko taimakon mai farfaɗiya. Irin wannan karen otal ba shi da ikon korarsa don kawai kare ne, ba a cajin kuɗin dabba a kansa, ba a tura mai shi wani ɗaki na daban da aka ware wa masu dabbobi, kuma tambaya biyu kacal aka yarda ma'aikaci ya yi in abin bai fito fili ba: shin saboda naƙasa kake tare da karen nan, kuma wane aiki aka koya masa? Ba a neman takarda, ba a cewa ya gwada a gani. Ka riƙe wannan maganar ta takarda, za mu dawo kanta.

Shi karen ceto bai shiga wannan layin ba sam, saboda mai riƙe da shi lafiyarta ƙalau, ba ita yake yi wa aiki ba. Wanda yake yi wa aiki yana can cikin daji ko ƙarƙashin ɓaraguzan gini, bai taɓa ganin karen ba, bai ma san ana zuwa ba. Kaga ke nan a idon dokar tarayya, kan maganar masauki dai, karen da aka shekara biyu ana horarwa don nemo mutum matsayinsa ɗaya da ɗan kwikwiyon da wani ya saya don nishaɗi. Ni a nan na ga giɓin yake, don dokar ta san mai buƙatar da ke tsaye a gaban kanta riƙe da igiyar karensa, amma ba ta san mai buƙatar da ba ya nan ba, alhali shi ne ma ransa ke hannun Allah a wannan lokacin.

Wani zai ce to mene ne a ciki, kare ne fa, ya kwana a mota mana. Bari mu ɗan tsaya a nan don yawancin rashin fahimtar daga nan yake. Duk amfanin karen nan a hancinsa yake. Ana ƙiyasta ƙwayoyin jin ƙanshi a hancin kare suna iya kaiwa miliyan 300, na mutum kuwa wajen miliyan 6, shi ya sa kare ɗaya zai iya share filin da mutane da dama za su wuni suna tattakawa. Amma hancin nan ba inji ba ne. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma in yana haki baki buɗe harshe waje ba ya iya shinshina yadda ya kamata, in ya gaji ko ƙishi ya kama shi ko bai samu barci ba zai iya wuce mutum a kwance a ƙarƙashin itace bai yi haushi ba. Mafi muni shi ne in ya wuce, ana iya ɗauka an duba wannan yankin babu kowa, masu nema su koma wani ɓangaren. Wato gajiyar kare na iya sa a bar mutum a inda yake. Sannan ita mota ba wajen barin dabba ba ce, likitocin dabbobi a Amurka na gargaɗin cewa zafin cikin mota a rufe na iya ƙaruwa da kusan digiri 11 a ma'aunin salshiyos cikin minti goma kacal, ita Kalifoniya ma tana da doka, sashe na 597.7 na kundin laifuffukanta, da ta hana barin dabba a mota cikin yanayin da zai cutar da ita. Kaga matar nan ta shiga tsaka mai wuya, ba ta iya barinsa a mota ta je ta kwanta, ba a bar ta ta shiga da shi ba, abin da ya rage shi ne su kwana tare a kujera injin na aiki, da asuba ta tashi wuya a sanƙare ta shiga daji, ko ta tuƙa mota da barci a ido.

Kuma lokaci ba ya jira. Masu aikin ceto a ginin da ya rufta suna yawan maganar awa 72 na farko, bayansu damar samun mai rai tana raguwa sosai. Awa biyun da aka ɓata ana zagaya gari daga wannan otal zuwa wancan, daga cikin waɗannan awannin aka cire su.

Sannan karnukan nan ba su da yawa balle a ce in wannan ya gaji a kawo wani. Lokacin da aka tayar da bam a ginin gwamnatin tarayya a birnin Oklahoma ranar 19 ga Afrilu 1995, mutum 168 suka rasu, wata malamar makaranta mai ritaya, Wilma Melville, ta je da karenta Murphy, abin da ta gani ya tayar mata da hankali don a lokacin karnukan da ke da babbar shaidar ƙwarewa ta hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ba su wuce 15 ba a duk faɗin ƙasar. Da ta dawo ta kafa gidauniyar horar da karnukan ceto a Kalifoniya a 1996, suna ɗauko karnuka daga gidajen ajiye dabbobin da aka yasar, su horar da su, su haɗa su da 'yan kwana-kwana kyauta. Zuwa harin 11 ga Satumba 2001 an kai ga karnuka wajen 300 suka yi aiki a Niyok, cikinsu har da wata karya mai suna Bretagne da ta zo daga Tekzas tare da uwargijiyarta Denise Corliss, karyar ta rayu har Yunin 2016. An samu ci gaba ƙwarai, amma har gobe horon yana cin wajen shekara biyu, ba kowane kare ke kai bantensa ba, kuma na FEMA sai sun sake cin jarrabawa duk shekara uku.

Sai dai a yi adalci, ba kowane mai karen ceto ne wannan matsala ta fi ci wa tuwo a ƙwarya ba. FEMA na da manyan runduna 28 na ceto a birane, tsarin da aka fara tun 1989, babbar runduna na fita da mutum wajen 70 da likitoci da injiniyoyi da tantuna da janareta, an tsara su ne su riƙe kansu na awa 72 ba tare da sun nemi komai a wajen kowa ba. Waɗannan sansani suke kafawa, in ma otal ne to gwamnati ce ke kama ɗakunan, ba mai yi musu gardama. Wanda ke shan wahalar shi ne ɗan sa-kai, kuma su ne ƙashin bayan neman mutanen da suka ɓata a daji da tsaunuka da bakin kogi a Amurka. A Kalifoniya alal misali alhakin neman wanda ya ɓata a daji na kan sherif ne, shi kuma yana dogaro ne da ƙungiyoyi irin su CARDA, ƙungiyar masu karnukan ceto ta jihar da aka kafa tun 1976, mutanen da ke da sana'o'insu daban, su sayi kare, su ciyar da shi, su biya likita, su ba da ranakun hutunsu ga atisaye. Irin wannan mutumin ba shi da kakin gwamnati, ba shi da lauya, in otal ya ce sai ya ƙara kuɗin dabba a kowane dare to daga aljihunsa ne, a kan aikin da dama kyauta yake yi.

To me jihohin da suka motsa suka rubuta? Ta Kalifoniya tana sashe na 54.25 na kundin dokokin farar hula, asalinta don 'yan sanda da 'yan kwana-kwana masu karnuka aka yi ta, a 2010 aka yi mata gyara aka shigar da masu karnukan ceto. Abin da ta ce a taƙaice, in an tura mai kare aiki wajen yankinsa saboda an ayyana dokar ta-ɓaci ta tarayya ko ta jiha ko ta ƙaramar hukuma, ko wata hukuma ta nemi agaji a hukumance, ko atisaye ne, to otal da masauki da gidan abinci da motar haya ta jama'a ba su da ikon hana shi saboda karen, kuma ba za su caje shi ƙarin kuɗi ko kuɗin ajiya na ko-ta-kwana ba. Wanda ya saɓa ana iya cin tararsa har dala 1,000. Amma ba a bar mai otal haka nan ba, duk ɓarnar da karen ya yi, ya yage kafet ne ko ya karce ƙofa, mai riƙe da shi ko hukumar da yake wa aiki ce za ta biya. In kuma karen ya dami jama'a da haushi fiye da kima ana iya fitar da shi, da sharaɗin an yi gargaɗi aƙalla sau ɗaya an ba da damar gyarawa, sannan dokar ta ƙara da cewa kasancewar karen a wurin kaɗai ba za a kira shi damuwa ba. Wannan jimlar ta ƙarshe ta burge ni wallahi, don wanda ya rubuta ta ya san halin mutane, ya san in ba a toshe wannan ƙofar ba gobe manaja zai ce ai ganin karen ma kawai ya tayar wa baƙinmu da hankali. Kuma ba kowane kare ba ne, sai wanda ke ƙarƙashin wata hukumar gwamnati ko yake da rajista da ƙungiyar ceto mai alaƙa da hukumar agajin gaggawa ta jihar, har da wanda ke cikin horo.

Tekzas ta zo daga baya, a 2013, ta buɗe babi na 785 a kundin dokokin lafiya da tsaron jama'a, kuma ta fi zafi ta wani fannin. Ita ba ta tsaya ga otal da abin hawa ba, ta shiga har gidan haya, mai gida ba zai hana mai karen ceto haya ko ya ƙara masa kuɗi saboda karen ba, wanda in ka duba yana da ma'ana don karen nan ba a bariki yake kwana ba, a gidan mai shi yake zaune duk shekara yana jiran ranar da waya za ta shigo. Saɓa wa dokar ƙaramin laifi ne da ake gurfanar da mutum a kai, tara daga dala 300 zuwa 1,000. A ɗaya ɓangaren kuma dole karen ya kasance a ɗaure da igiya ko ɗamararsa, ɓarna na wuyan mai shi, sannan ga babban bambancin: ma'aikaci na da damar ya ce nuna min shaidarka, takardar ƙungiyar ceto ta ƙasa NASAR ko wata hukumar ceto da aka amince da ita, in mai karen ya kasa nunawa to otal ya samu kariya a kotu. New Hampshire kuwa, jihar da ke da tsaunukan da masu yawon hawan dutse ke yawan ɓacewa a ciki, gajeriyar hanya ta bi, a cikin dokarta ta karnukan masu naƙasa ta ƙara sashe cewa wannan izinin ya shafi karnukan ceto in wata hukumar gwamnati ce ta kira su, suna kan aiki ko suna hanyar zuwa ko dawowa.

Kaga jiha uku, salo uku. Ɗaya ta ɗaura haƙƙin a kan tafiyar aiki, ɗaya ta ɗaura shi a kan takardar shaidar mutum, ɗaya a kan kiran gwamnati. Mai karen da ya taso daga wannan jiha ya ratsa biyu kafin ya isa inda bala'in ya faru, haƙƙinsa na canzawa ne duk sanda ya wuce allon kan iyaka.

Su ma masu otal ba mugunta ce ke sa su ƙi ba, yawanci. Akwai baƙon da in ya kwana a ɗakin da kare ya kwana jiya zai tashi da atishawa da kumburin ido ko asma ta taso masa, to dole a yi wa ɗakin shara ta musamman, wannan kuɗi ne da lokaci, kuma ƙaramin masauki mai ɗaki ashirin a ƙauye ba ɗaya yake da manyan otal-otal na birni ba. Akwai mai tsoron kare tsakani da Allah. Akwai maganar inshora in ya ciji wani. Sannan uwa uba akwai 'yan damfara, don a intanet da 'yan daloli kaɗan za ka sayi rigar kare mai rubutu da kati mai hoto da wata takarda mai tambari da ba ta da wata daraja a doka, mutane su rataya wa karen gida su shiga da shi ko'ina, ya yi fitsari a falo ya yi ta haushi cikin dare. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, manajan da aka yi wa haka sau uku ba zai ƙara yarda da mai riga ba ko da na gaskiya ne. Abin ya yi yawan da jihohi da dama suka mai da shi laifi, a Kalifoniya wanda ya yi ƙaryar cewa karensa na taimakon mai naƙasa ne na iya shan ɗaurin wata shida ko tarar dala 1,000 ko duka biyun. Ko jiragen sama ma, a ƙarshen 2020 ma'aikatar sufuri ta canza ƙa'ida ta cire dabbobin da ake cewa na kwantar da hankali ne daga jerin waɗanda dole a ɗauka kyauta, duk dai saboda yadda aka wuce gona da iri.

Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne babba mai karen ceto ya bi ta ɓarauniyar hanya, ya ce wa yaron kanta ai karen taimakon naƙasa ne don kawai a bar shi ya shiga. Na san gajiya na iya sa mutum ya faɗi haka, ƙarfe ɗayan dare ne, kuma ya san ba za a nemi takarda ba. Amma ƙarya ce, a wasu jihohin laifi ce, kuma wanda za ta cutar shi ne makahon da zai zo gobe a tsaya ana yi masa kallon tuhuma. Haƙƙin masu naƙasa da gumi suka same shi, sai da wasunsu suka bar kekunansu suka ja jiki a matakalar majalisar dokoki a Washinton a Maris 1990 kafin dokar ta wuce. Karen ceto na buƙatar ƙofarsa ta kansa da sunansa a jiki.

Yanzu mu dawo kan maganar takarda da na ce ka riƙe. Yaron nan na kanta, in ma an ba shi horo, abin da aka koya masa shi ne na ADA: kar ka kuskura ka nemi takarda, tambaya biyu kawai. To sai ga wata ta zo da kare, ya yi tambayar farko, saboda naƙasa ne? Ta ce a'a, na ceto ne. A iya abin da aka koya masa magana ta ƙare, wannan dabbar gida ce, ƙa'idar otal ta hau kanta. Bai san akwai wata doka ta jiha da ta buɗe layi na uku ba, wanda a Tekzas ma an ba shi damar neman takardar da aka hana shi nema a layin farko. Manaja na gida yana barci. Tarar dala 1,000 kuwa sai bayan watanni in ma an kai ƙara, kuma ɗan sa-kai da ya dawo a gajiye ga aikin ofis na jiransa ranar Litinin da wuya ya tsaya shari'a da otal. Don haka dokar na iya kasancewa a littafi ƙofa kuma ta ci gaba da zama a rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya, aikin na ƙungiyoyin masu otal ne da ofisoshin sherif su zauna tun ana zaman lafiya, a san waɗanne masaukai ne a gundumar za a tura masu karnuka, a manna 'yar takarda a bayan kanta mai layi uku da duk wanda ke aikin dare zai gani.

A nan ne ma abin ya shafi wasu 'yan uwanmu kai tsaye, don duk wanda ya san zaman Amurka ya san baƙi 'yan ci-rani na riƙe da da yawa daga cikin irin waɗannan ayyuka, kanta da sharar ɗaki da tuƙin haya, kuma namu na ciki. Mu kuwa mun taso ba ma sakin jiki da kare, ba ya shiga ɗaki, in ya lashi ƙwarya sai wanki bakwai. Ba na cewa mutum ya canza ɗabi'arsa, amma ya kamata a tuna addinin ma ya bambanta kare da kare, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, hadisi ya yi rangwame kan karen farauta da na kiwo da na gona, a mazhabar Malikiyya da muke bi kuma kare mai rai ba najasa ba ne. In an yarda da karen da aka koya wa kamo zomo, to wanda aka koya wa nemo yaron da ruwa ya ja fa? Lokacin girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023 da ta ci rayuka sama da 50,000, karnuka daga ƙasashe da dama ne suka yi ta shiga ƙarƙashin gine-gine, ɗaya daga cikin na sojojin Meziko mai suna Proteo a can ya mutu, daga baya Turkiyya ta aika wa Meziko ɗan kwikwiyo don godiya. Ba wanda aka zaro daga ƙarƙashin siminti da ya tsaya tambayar wa ya gano shi.

Abin da ya fi damuna dai shi ne bala'i bai san iyakar jiha ba, kuma su kansu hukumomin Amurka sun san haka, shi ya sa tun 1996 majalisa ta amince da yarjejeniyar EMAC da ta ba jihohi damar aron ma'aikatan agaji daga juna, ta tsara amincewa da lasisin wanda ya zo daga wata jiha da yadda za a biya kuɗi da wanda zai ɗau alhaki in an ji rauni. An yi tunanin lasisin likita da na injiniya, amma inda kare zai kwana a hanya an bar shi ga sa'a. Mutane kuma na ruɗa abin da wata doka ta 2006 da ake kira PETS, wadda aka yi bayan guguwar Katrina ta 2005 da mutane da yawa suka ƙi barin gidajensu saboda ba za a kwashe su da dabbobinsu ba. Duk sanda guguwa ta taso sai ka ga saƙo na yawo a Facebook wai dokar ta tilasta wa otal karɓar dabbobi, alhali ba haka ta ce ba, abin da ta ce shi ne jihohi da ƙananan hukumomi su sa dabbobi a cikin shirinsu na kwashe jama'a, ba ta ɗora wa otal komai ba.

Kuma ko da dokar na nan, kar a ɗauka tana ƙirƙiro ɗaki. Ba ta ce a ba mai kare kyauta ba, kuɗin ɗaki zai biya kamar kowa, ba ta ce a fitar da wani baƙo a sa shi ba. Lokacin gobarar dajin da ta cinye garin Paradise a Kalifoniya a Nuwamban 2018, mutum 85 suka rasu, dubban waɗanda suka tsira sun cika duk wani masauki da ke kusa har wasu suka kafa tantuna a filin ajiye motocin kantin Walmart a garin Chico, a daidai lokacin da masu karnukan gano gawa ke shigowa don bin toka gida-gida. A irin wannan hali in an ce babu ɗaki to babu ne. Abin da dokar ta hana kawai shi ne ɗaki na nan, kuɗi na nan, a ce a'a saboda kare. Ambaliyar kogin Guadalupe a Tekzas ta 4 ga Yuli 2025, wadda ta kashe sama da mutum 130, ta jawo masu ceto daga wasu jihohi har da Meziko aka yi makonni ana bin gaɓar kogi cikin zafin bazara, irin wannan aikin na makonni ne ke nuna wajen kwanan kare ba ƙaramin abu ba ne, rana ɗaya ana iya daurewa, rana ta goma hanci ya riga ya gaji.

In da ni za a tambaya, abin da ya dace shi ne doka ɗaya ta tarayya mai ƙunci da tsauri, ba mai faɗi ba. A ɗauko sharaɗin Kalifoniya na cewa sai ana kan aiki ko atisaye a hukumance, a haɗa da na Tekzas na cewa ma'aikaci na da damar ganin shaida, a bar ɓarna a wuyan mai kare ko hukumar da ta kira shi, a bar wa otal ikon fitar da karen da ya ƙi natsuwa bayan gargaɗi. Na fi son ƙuncin saboda shi zai sa mai otal ya yarda, in ya san ba kowane mai riga ba ne zai faɗo masa, sai wanda ke da kati daga hukumar da zai iya buga wa waya ya tabbatar. Masu cewa gwamnati na yi wa mai dukiya katsalandan a kasuwancinsa suna da abin faɗa, amma nauyin da ake ɗora masa a nan sharar ɗaki ɗaya ce a shekara ko ma ba ko ɗaya, kuma shi ma mai otal ɗin yana da tsoho a gida da yara masu zuwa wanka rafi.

Kafin a kai can, dabarar da ta rage wa mai karen ita ce ta tsohuwar hanya. Ta buga waya tun tana hanya ta nemi manaja kafin ya tashi aiki, ta riƙe katinta da lambar aikin da sherif ya ba ta da takardar rigakafin karen, in jihar na da doka ta buga sashen a takarda ta ajiye a mota, ta shiga da keji da bargon karen don kar ya hau gado, ta nemi ɗakin ƙasa kusa da ƙofar baya don fita da asuba ba tare da an tashi kowa ba. In duk da haka aka ce a'a, sai ta kira wanda ke kula da masu aikin a sansani, sau da yawa akan samu ofishin 'yan kwana-kwana ko wani ɗakin taro ko gidan wani a garin da zai shimfiɗa musu katifa zuwa ƙarfe biyar.